Yadda masu fatsa a Turai ke ƙera ƙaramin jirgin ruwa mai rimot don kai wa kifi ƙugiya

Da asuba a bakin wani tafki a Ingila, mai fatsa ya durƙusa ya ɗora wani abu mai kama da ƙaramin akwati a kan ruwa. Ya zuba masa dafaffiyar masara da dunƙulen abincin kifi, ya sa ƙugiyarsa a ciki, sannan ya ja da baya ya ɗauki rimot.

Abin ya fara tafiya a hankali, zaren fatsa na warwarewa a bayansa. Sai da ya yi nisan fiye da mita 100, ya shiga ƙarƙashin rassan wata bishiya da ta sunkuyo kan ruwa, sannan mutumin ya danna maɓalli. Ƙofar da ke ƙasan akwatin ta buɗe, abinci da ƙugiya suka nutse wuri guda, jirgin ya juyo gida.

Wannan shi ne jirgin kai abincin kifi, wanda ya zama ruwan dare tsakanin masu kamun kifi don nishaɗi a Birtaniya da Faransa da Jamus da wasu ƙasashen Turai. Kamfanoni na sayar da shi daga ɗaruruwan fam har zuwa sama da fam 1,000, idan an haɗa masa na'urar gano wuri da ta hango ƙarƙashin ruwa. Tsadar ce ta sa da yawa ke zama a garejin gida su haɗa nasu da bututun roba da batir da ƙananan injuna.

Sai dai jirgin ya raba kan masu fatsa. Akwai tafkunan da aka hana shiga da shi, kuma a Afirka ta Kudu maganar sai da ta kai gaban kotu.

Kifin da ya jawo wannan wahala

Kusan duk labarin jirgin nan yana komawa ne ga kifi guda, wanda Turawa ke kira carp. Kifi ne na ruwan daɗi mai manyan ɓawo, yana daɗewa a duniya, kuma yana girma sosai. An san shi da wayo, domin wanda aka taɓa kamawa aka sake shi yakan yi taka-tsantsan da duk abincin da bai yarda da shi ba.

A watan Satumban 1952, Richard Walker ya kama wani mai nauyin laba 44, wato kusan kilo 20, a tafkin Redmire da ke yankin Herefordshire. Ba a yanka kifin ba. An kai shi gidan namun daji na Landan, inda aka riƙa zuwa kallonsa da sunan Clarissa. A 1980 Chris Yates ya kama wanda ya haura laba 51 a wannan tafki dai. A shekarun baya-bayan nan kuma an kama wanda ya wuce kilo 50 a ƙasar Hungary.

Tun daga lokacin Walker farautar babban carp ta zama abin da mutane ke kashe wa kuɗi da lokaci. Mutum zai kafa tanti a bakin ruwa ya kwana biyu ko uku yana jira. In ya kama, sai ya auna, ya ɗauki hoto, ya mayar da kifin ruwa da ransa. A Ingila sai da lasisi ake wannan fatsa, kuma yawancin tafkunan na da masu su ko ƙungiyoyin da ke kula da su, kowanne da dokokinsa.

Matsalar ita ce manyan kifayen sukan fake a inda hannu ba ya kaiwa: gefen tsibiri, ƙarƙashin rassa, ko wani ɗan fili a tsakiyar ciyawar ruwa. Gwani na iya jefa ƙugiya ta wuce mita 100, amma ya saukar da ita daidai kan tulin abincin da ya zuba, a cikin iska ko duhun dare, wannan wani aiki ne daban. Jifa kuma tana da ƙara idan dalma ta faɗa ruwa, kifi ya ji ya gudu. Jirgin rimot yana kai komai a hankali ya ajiye wuri ɗaya.

Ita kanta dabarar tuƙa jirgi daga nesa ta daɗe. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ƙaramin jirgin ruwa da yake sarrafawa ba tare da waya ba, a wani baje koli a Madison Square Garden da ke birnin New York. Abin da ya sauya daga baya shi ne farashi, domin rimot da batir da ƙananan injuna sun yi arahar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya sayen su.

Gangar jiki: lissafi kafin yanka

Masu ƙera jirgin a gida sun fi son mai ƙafa biyu, wato gangar jiki biyu a jere da aka haɗa da dandamali a sama. Dalilan biyu ne. Irin wannan ba ya saurin kifewa idan iska ta taso, sannan ratar da ke tsakiya ta ba da wurin da akwatin abinci zai buɗe kai tsaye cikin ruwa.

Wasu na yanka siririn katako su lulluɓe shi da zaren gilashi da gam mai ƙarfi. Masu na'urar buga abubuwa ta 3D na bugo sassan jikin. Hanya mafi sauƙi ita ce bututun roba na PVC, irin wanda masu aikin famfo ke sa wa magudanar ruwa, a toshe bakinsa gaba da baya.

Kafin a yanka komai sai an yi lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya. Litar ruwa ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne, kuma duk abin da ke kan ruwa yana ture ruwan da ya kai nauyinsa. Bututu mai faɗin milimita 110 da tsawon santimita 80 yana cin wurin lita bakwai da rabi, ko sama da haka kaɗan. Guda biyu sun ba da kusan lita 15. Ke nan idan nauyin jirgin da kayansa ya kai kilo 15, ya nutse baki ɗaya.

Abin da ake so shi ne rabin bututun kawai ya shiga ruwa, saboda haka nauyin duka kada ya wuce kilo bakwai da rabi. A misali, jiki da dandamali su ci kilo uku, batir kilo biyu da rabi, injuna da wayoyi kilo ɗaya, sai a rage kilo ɗaya na abincin kifi. Wanda ke son ɗaukar abinci fiye da haka dole ya ƙara tsawon bututu ko ya nemi batir marar nauyi.

Inda aka ajiye nauyin ma yana da muhimmanci. Batir ya kan zauna ƙasa-ƙasa kuma a tsakiya, domin idan nauyi ya hau sama jirgin zai riƙa tangaɗi. Akwai kuma abin da sabbin shiga ke mantawa: jirgin da ya tafi da kaya zai dawo babu kaya. Idan akwatin abinci yana can baya, da zarar ya zubar sai gaban jirgin ya dulmiya, farfela ta ɗago sama tana kaɗa iska. Shi ya sa ake sa akwatin kusa da tsakiya.

Masu dabara kan cusa farin soson nan da ake kunshe firji ko talabijin a duk wani gurbi da ya rage a cikin bututun. Ko ruwa ya shiga, jirgin ba zai tafi ƙasa ba.

Inji biyu, babu sitiyari

Yawancin waɗannan jirage ba su da abin juya akala a baya. Ana sa wa kowace ƙafa injin lantarki nata da farfelarta. Idan duka biyun suna gudu daidai, jirgin ya miƙe. Idan na dama ya rage gudu, jirgin ya karkata dama. Idan ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, sai ya juya a inda yake tsaye, abin da ke da amfani matuƙa a cikin matsatsin ciyawa.

Ana sayen injin da aka yi don jiragen wasa, amma da yawa sun fi son cire na famfon kwashe ruwa daga cikin jirgi, mai aiki da volt 12. An riga an yi shi don ya zauna cikin ruwa, don haka an huta da fargabar yoyo. Wanda ya sa injinsa a cikin jiki kuwa sai ya fito da sandar farfela ta cikin siririn bututu, ya cika shi da giris domin ya tare ruwa. Nan ne yoyo ya fi faruwa.

Tsakanin batir da kowane inji akwai na'urar daidaita gudu. Ita ce ke karɓar umarni daga rimot ta ƙara wa injin wuta ko ta rage. Dole a zaɓi wadda ke iya juya inji baya, kuma ƙarfinta ya zarce abin da injin ke ja, domin idan ciyawa ta naɗe farfela wutar da injin ke ja takan yi sama nan take. Fiyus ɗin da aka sa kusa da batir shi ne zai tsinke kafin wayoyi su kama wuta.

Ciyawa da zaren fatsa su ne manyan abokan gabar farfela. Ana yi mata keji da ragar ƙarfe ko ta roba, a kuma fitar da zaren ta tsakiyar ƙafafun biyu yadda ba zai kusance ta ba. Jirgin da zare ya naɗe wa farfela a tsakiyar tafki sai an shiga ruwa an ɗauko shi, kuma a ruwan sanyin Turai wannan kasada ce da ke iya cin rai. Ƙa'idar da masu fatsa ke jaddadawa ita ce kada mutum ya yi iyo ya bi jirgi. A jira iska ta kawo shi gaɓa, ko a nemi kwale-kwale da rigar kariya.

Akwatin abinci da rimot

Akwatin abinci robar ajiye abinci ce kawai ko ɗan akwatin da aka haɗa, an yanke ƙasansa an mayar da shi ƙofa mai maratayi. Wata 'yar na'ura da ake kira servo, wadda hannunta ke juyawa idan an danna maɓalli, ita ke zare sakatar da ke riƙe ƙofar. Nauyin abincin da kansa ke tura ƙofar ta buɗe. Gefen akwatin na bukatar santsi da gangare, domin jiƙaƙƙen abinci yakan manne ya ƙi zuba. Wasu na yin akwati biyu don su ajiye ƙugiya biyu a tafiya ɗaya.

Rimot ɗin zamani na aiki a kan zangon 2.4 GHz. A da ana amfani da 27 MHz ko 40 MHz, inda mutum biyu a tafki ɗaya kan shiga layin juna, wannan ya danna jirgin wancan ya motsa. Na yanzu kowanne na ɗaure da na'urar karɓar saƙonsa. Ana bukatar aƙalla layi uku: biyu na injuna, ɗaya na ƙofa. Na huɗu na kunna fitilu ne, domin yawancin fatsar da dare ake yi, kuma launin fitilar gaba da ta baya ne ke nuna wa mai shi inda jirgin ya fuskanta.

Ruwa yana shanye saƙon 2.4 GHz, saboda haka eriya sai ta ɗago sama da dandamali, nesa da batir da ƙarfe. Dole kuma a saita abin da jirgin zai yi idan saƙo ya yanke. Idan ba a saita ba, wani jirgin zai ci gaba da gudu da umarnin ƙarshe da ya samu har sai ya yi karo da wani abu. Saitin da ya dace shi ne injuna su tsaya, ƙofa kuma ta zauna a rufe.

Batir, inda kuɗi da haɗari suke

Zaɓi biyu ne a nan. Akwai rufaffen batirin dalma mai volt 12, irin wanda ake gani a cikin UPS na kwamfuta. Yana da araha da juriya, sai dai nauyi. Akwai kuma na litiyom, marar nauyi kuma mai ɗaukar wuta da yawa, amma yana son kulawa. Kowane ɗaki na batirin LiPo volt 3.7 ne, yana cika a 4.2, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 3 ba. Sai da cajar da aka yi dominsa ake cajinsa. Idan ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta, shi ya sa ba a barinsa a caji a tafi barci.

Lissafin lokaci ma abu ne da ake yi tun a gida. A ɗauka injuna biyu na jan amfiya shida, batirin kuma mai 7Ah ne. A takarda zai yi awa ɗaya da 'yan mintuna. Amma batirin dalma na saurin mutuwa idan ana zuƙe shi ƙarƙaf, don haka rabin awa ake ƙirgawa. Idan jirgin na tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, zuwa da dawowa na mita 150 zai ci minti biyar. Sau shida ke nan kafin a canja batir, idan babu iska mai ƙarfi da ke tura shi baya.

Bayan an gama haɗawa, gwajin farko a baho ake yi ko a ruwa marar zurfi. Akan sa busasshiyar takarda a ciki, a bar jirgin a ruwa na ɗan lokaci, a buɗe a duba ko ta jiƙe. Fitar farko zuwa tafki kuma da dogon zare a ɗaure ake yi. Rigakafi ya fi magani.

Masu son ƙari na sa na'urar da ke aika sauti ƙasan ruwa ta saurari dawowarsa. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, saboda haka daga lokacin da ya ɗauka na'urar ke gane zurfi, ta nuna a allo ko a waya inda ciyawa take da inda ƙasa ke da tauri. Wasu kuma na haɗa GPS da manhajar ArduPilot, wadda kyauta ce, yadda jirgin zai koma daidai wurin da aka ajiye abinci jiya, ya dawo gida da kansa.

Shin wannan fatsa ce?

A nan ne gardama take. Masu adawa na cewa gwanintar fatsa ita ce karanta ruwa da iya jifa, kuma wanda ya sayi jirgi mai GPS ya sayi abin da wasu suka yi shekaru suna koyo. Suna kuma ƙorafin cewa masu jirgi na tsallakawa gaban wasu, suna ajiye ƙugiya a cikin saiwoyi da rassa inda kifi zai sarƙe idan ya kamu, ko zaren ya tsinke ya bar shi da ƙugiya a baki. Sauƙin kai abinci na sa wasu zuba fiye da kima, ragowar ta ruɓe a ƙasan tafki.

Masu goyon baya na da nasu hujjojin. Tsofaffi da masu nakasa da waɗanda ciwon kafaɗa ya hana jifa sun samu hanyar ci gaba da abin da suke so. Suna kuma cewa ƙugiyar da aka ajiye a hankali ta fi wadda aka jefa ta maƙale a bishiya, ta zama tarko ga tsuntsaye. Shi ya sa doka ta bambanta daga tafki zuwa tafki: wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun yarda da sharaɗin kada a wuce iyakar wurin da mutum ya zauna.

A Afirka ta Kudu lamarin ya wuce dokar ƙungiya. A bakin teku masu fatsa sun riƙa amfani da jirage marasa matuƙa da jiragen rimot suna kai manyan ƙugiyoyi can bayan igiyar ruwa, inda manyan kifaye suke. A watan Fabrairun 2022 ma'aikatar da ke kula da dazuka da kamun kifi da muhalli ta fitar da sanarwar cewa lasisin fatsar nishaɗi bai ba da damar amfani da irin waɗannan na'urori ba. Kamfanonin da ke sana'ar suka garzaya kotu. A 2024 Kotun Ƙolin Ɗaukaka Ƙara ta ƙasar ta yi watsi da ƙararsu, bisa hujjar cewa a dokar ƙasar fatsa na nufin sarrafa sanda da zare da hannu.

Akwai kuma batun lafiyar ruwan kansa. Jirgin da ya nutse da batirin dalma ya bar guba a tafki, kuma Birtaniya ta san illar dalma, domin tun 1987 ta hana amfani da ƙananan dalmar fatsa bayan an gano tana kashe tsuntsayen ruwa. Jirgin da aka ɗauka daga wannan tafki zuwa wancan a jiƙe yana iya kwasar cutar kifi ko irin baƙuwar ciyawa. Saboda haka hukumomi ke kira da a duba kayan fatsa, a wanke, a shanya su bushe kafin a kai su wani ruwan.

Mai son gwadawa

Masuncin da ke neman abin kai wa kasuwa a Tiga ko Kainji ko Tafkin Chadi ba shi da bukatar wannan jirgi, domin kwale-kwalensa na kai shi inda yake so da taru da ƙugiyoyi masu yawa. An yi jirgin ne don wanda ke zaune a gaɓa yana neman babban kifi guda ɗaya.

Amma ga matashin da ke son haɗe-haɗen lantarki, aikin makaranta ce mai kyau. A cikinsa zai koyi lissafin nauyi, da haɗa batir da inji, da toshe yoyo, da sarrafa na'ura daga nesa. Masu kiwon kifi a manyan tafkuna ma na iya amfani da irin wannan akwati su kai abinci tsakiyar ruwa.

Shawarar da masu ƙerawa ke bai wa sabon shiga ita ce ya fara da mafi sauƙi: bututu biyu, inji biyu, akwati ɗaya, babu GPS. Ya nemi izinin masu kula da ruwan kafin ya saka jirgin, musamman a madatsun ruwa inda akwai jami'an tsaro. Ya kuma rubuta lambar wayarsa a jikin jirgin, ko da wata rana iska za ta kai shi ɗaya gaɓar.